Kada Ki Faɗa Mata Ina Gani

Zuwa ga taubashiyata Malama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da ɗaliban naki na makarantar Littafi Mai Tsarki, da gwiwar nan taki da ta fi ki ƙorafi. Mu nan sai godiya. Autanmu yana kan hanya da babbar motarsa, sai ya ga dama yake leƙo mu.

Kafin ki ci gaba, dubi rubutun nan da kyau. Ba hannun mai ɗakina ba ne. Wannan tafiyar kazar da kika sha yi wa dariya tun muna aji ɗaya, tawa ce. Malama, ina gani.

Kin san shekarun da na yi a duhu tun da yanar ido ta rufe mini gani har na rufe keken ɗinkina da zane. Kin kuma san aikin da aka yi mini, wanda mai ɗakina ta tsaya kai da fata sai an yi. Ranar da aka cire bandeji, fari fat na gani, kamar na cusa kai cikin buhun auduga. Likita ya ce wani lokaci yakan washe a hankali, amma muryarsa ba ta mai sa rai ba ce. Muka dawo gida tana riƙe da hannuna.

To, ya washe. Abin da na fara gani shuɗin bokiti ne. Na zauna ina kallon bokitin nan kamar baƙon da ya zo daga nesa. Bayan shi sai ƙafar kujera, sai yatsuna, sai na ga ashe sun tsufa ban sani ba.

Za ki ce me ya hana ni kurma ihu. Taga ce ta hana ni. Duk shekarun nan, kowace safiya takan zaunar da ni gaban tagar ɗakinmu, ta sa mini kofin shayi a hannu, ta faɗa mini abin da ke waje. Bishiyar nan ta yi sabon ganye. Tafkin can ya cika, fararen tsuntsaye sun sauka. Matar da ke shanya ta fito da jan zane yau. Da wannan nake karya kumallo, da shi nake wuni. Ranar da idona ya kai taga, sai na ga bango. Bangon bene ne, ko shafe ba a yi masa ba, da wani bututu yana ɗigar ruwa. In na miƙa hannu zan taɓa shi. Ba bishiya, ba tafki. Na tuna ƙarar magina da na taɓa ji, ta ce mini can bayan layi ne.

Ita kuwa tana tsaye, ta fuskanci bangon nan, idonta a lumshe, tana ƙirga mini tsuntsaye. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Kunya ce ko tausayi, ban sani ba. Na dai ji in na ce ina gani, da hannuna zan sake sare bishiyar nan da magina suka riga suka sare.

Sai na tuna makahon nan da Yesu ya ja hannunsa ya fitar da shi bayan gari. Shi ma bai gani a tashi ɗaya ba. Da ya warke kuma aka hana shi ko shiga garin. Haka kuturu, haka iyayen yarinyar da aka tayar, kowa a ce masa ya yi shiru. Ke ce mai koyar da wannan, to ki faɗa mini, me ya sa Almasihu yake ta ɓoye kansa? Mai duniya a hannu, yana raɗa kamar mai laifi?

Mai ɗakina ta ɗan rame, ko kuwa idona ne bai gama daidaita ba.

Kada ki kira waya, a hannunta take, kuma ƙara murya take yi mu ji tare. Ki aiko amsa ta hannun mai kemis na bakin layi, inda take ajiye ni in za ta kasuwa. Shi kaɗai ya sani, ya kama ni ina karanta kwalin magani. Ki rufa mini asiri, kada ki faɗa mata.

Naki, Tela.

*

Bawana Tela,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ɗalibai kuma suna nan suna barci a aji kamar yadda kake yi a zamaninka. Ka gaishe da Yaya, mai ɗakin naka, a zuciyarka, tunda ka hana ni gaishe ta a baki.

Na buɗe takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Na yi kuka, na yi dariya, har mai share ofis ta leƙo ta ce ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, wani bawan gidanmu ne aka mayar masa da ido, amma ba a gyara masa rubutu ba. Allah mun gode. Shekara nawa ina sa sunanka a addu'a har na fara jin kunyar maimaitawa.

Tambayarka kuwa, kowace shekara sai wani ɗalibi ya yi mini ita. Ga yadda nake ganinta. Mutanen wancan lokaci suna jiran Almasihu, amma sun riga sun ɗinka masa riga tun bai zo ba, kai da kake tela ka san illar haka. Sarki suke so mai doki da takobi, wanda zai kore musu sojojin baƙi ya cika musu ciki. Da sunan ya bazu tun da wuri, da sun ɗauke shi a kafaɗa sun cusa shi cikin rigar nan. Da sun san sunansa ba su san shi ba. Ko Bitrus, ranar da ya faɗi daidai, an ce ya yi shiru, don kalmar ce ta iso bakinsa, ma'anarta tana hanya. Sai an bi ta gicciye kafin sunan ya zauna daidai a kunnen mutane. Ka tuna a gidan biki ma, da mahaifiyarsa ta zo masa da maganar ruwan inabi, cewa ya yi lokacinsa bai yi ba. Shirunsa ba ƙarya ba ce, jira ne.

Don haka ban ga laifinka ba in ka ɗan jinkirta. Matar nan ta shuka maka bishiya da bakinta, ta haƙa maka tafki, ka bar ta ta sha inuwar kwana biyu. Ni da na san bangon nan tun zuwana na ƙarshe, da na ji tana ba ka labarin tsuntsaye, fita na yi tsakar gida na share hawaye. Lokacin faɗa zai zo, za ka gane shi.

Zancen rama kuwa, wa bai rame ba a shekarunmu, in ban da ni? Ka daina ƙure wa matar mutane ido.

Uwar gijiyarka, Malama.

*

Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, ido yana ƙara haske. Wa ya ce miki ni bawanki ne? Ki tambayi manya in akwai sauransu.

Na daɗe ban rubuto ba, don kwanakin nan kamar a mafarki nake tafiya. Gida biyu nake zaune a ciki. Akwai wanda nake gani, mai tsagaggen bango da labulen da ya koɗe. Akwai wanda take faɗa mini, inda yanzu har kwalekwale ya zo tafki, da wani tsoho mai hular kaba yana tuƙawa. In ta fara magana sai in lumshe ido ni ma, in bar bangon ya narke. Wallahi wani lokaci ina jin ƙamshin ruwan.

Ran Lahadi ta ja ni zuwa majami'a, ina sanye da baƙin tabarau. Na ga mutanen da na bari da ƙuruciyarsu sun yi furfura. Na ga fasto yana rina gashi. Na ga rigar da na ɗinka wa mai kiɗa tun kafin duhu, har yanzu ita ce a jikinsa, kuma kafaɗar hagu ta ɗan karkace, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Ina tsakiyarsu ina ganin kowa, ba mai ganina. Sai na ce ko haka Almasihu ya riƙa ji in yana tafiya cikin taro, ya san kowa ciki da waje, su kuwa suna ce masa ɗan masassaƙi. Akwai daɗi a ciki, akwai kuma kaɗaici mai yawa.

Amma akwai abin da ke damuna. In ta tashi daga gabana, bango take dafawa har ƙofa. Zanen da take ɗaurawa yanzu sai ya zagaye ta sau biyu. Farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. In mun zauna cin abinci, ni kaɗai nake ci, ita cokali take bugawa a kan kwanon da ba komai, don in ji ƙara. Shekaranjiya da hantsi tana cikin ba ni labarin mai kwalekwale, sai ta dafe gefen cikinta ta durƙusa, ta cusa bakin zane a baki. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, murya garau, wai tsohon ya kama kifi. Akwai wasu ƙwayoyi da take ɓoyewa a bayan kabad.

Na ce in na yi magana yanzu, na tsiraita ta gaba ɗaya, da tagar da cikin. Kin ce shiru jira ne, kin ce zan gane lokacin. Ina nan ina jira, ina kasa kunne kamar mai jiran a kira sunansa a layin asibiti. Har yanzu ban ji an kira ba.

Naki, Tela.

*

Tela,

Ina gaisuwa a gurguje, lafiyata ƙalau, ba ita ce magana ba.

Ka karanta ni ba daidai ba, ni ma na karanta ka ba daidai ba. Da ka ce ta ɗan rame na ɗauka tsokana ce irin taka. Jiran da na ce, a kan taga na faɗe shi, ba a kan mace mai cusa zane a baki ba.

Saurara. Almasihu ya ɓoye sunansa, amma bai taɓa ɓoye hannunsa ba. Ba mara lafiya ko ɗaya da ya bari a kwance don kada a gane shi. Yakan warkar tukuna, sannan ya ce a yi shiru. Kai ka juya abin, ka riƙe shirun ka janye hannun. Kuma ka duba ranar da ya amsa da bakinsa cewa shi ne. Ba ranar da taro ke tafa masa ba ce. A gaban babban firist ne, hannu a ɗaure, lokacin da amsar za ta ci ransa. Lokaci ba shi ne ranar da faɗa zai yi daɗi ba. In kana jiran ranar da ba zai yi zafi ba, har abada ba za a kira sunanka ba.

Kana gani, Tela. Ka cire tabarau ka kai matarka asibiti. Idon da ya yi ruwan ɗorawa da cikin da ke durƙusar da mutum ba abin wasa ba ne.

Auta ya biyo ta garinmu da kaya, na ba shi wannan don ta fi saurin isa. Na ja masa kunne ya kai wa mai kemis.

Malama.

*

Tela,

Ina fata lafiya. Wata ya juya ban ji daga gare ka ba. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. In fushi kake yi, ka yi, amma ka rubuto ko layi ɗaya ne. In ban ji komai ba zuwa ƙarshen zangon karatu, zan hau mota da gwiwar nan tawa, in zo in faɗa mata da kaina.

Malama.

*

Malama,

Gaisuwa. Jikina lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci, gefen gadonta.

Kin ba Auta saƙo kika ja masa kunne. Kin manta ɗan wa ne. Ya iso a gajiye, ya ce me zai kai shi kemis alhali ga gida, ya miƙa wa uwarsa takarda ya wuce wanka. Takardar makaho kuwa kin san wa ke karanta masa.

Ta zauna gabana ta buɗe. Ina kallonta ta cikin tabarau. Na ga idonta ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya sauka har ƙasa. Na ga ta koma sama ta sake bi. Sai ta gyara murya ta ce, "Malama ce. Tana gaishe ka. Ta ce an yi ruwa sosai a wajensu, gwiwa ta yi sauƙi. Ta ce ka riƙa sa maganin idonka a kan lokaci." Ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi.

Na ce, "Shi ke nan abin da ta ce?"

Ta ce, "Shi ke nan. Ka san Malama ba ta da yawan magana."

Ke, Malama, ba ki da yawan magana! A nan na kusa fashewa, da dariya ko da kuka ban sani ba. Muka wuni a haka, ta san na sani, na san ta sani, kowa yana taka ƙasa a hankali kamar gidan da jariri ke barci.

Washegari da safe ba ta kai ni taga ba. Ta ɗauko rigata ta zuwa majami'a wadda maɓallinta ya cire, ta zauna kusa da ni da allura da zare. Ta kai zaren bakin allura, hannu ya ƙi tsayawa. Ta lasa ta sake, ya kauce. Ta sake. Sai kawai ta miƙo mini su, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ungo, maigida. Sa mini."

Ina ta jiran murya daga sama, ashe daga gefena za ta fito. Sai na tuna gidan bikin nan da kika ambata. Ya ce lokacinsa bai yi ba, mahaifiyarsa ba ta yi musu da shi ba, ta juya wajen masu hidima ta ce su yi abin da zai faɗa musu. Mace ce ta jawo lokacin da hannunta.

Na cire tabarau. Na karɓa. Zaren ya shige a tashi ɗaya, kamar ban taɓa ajiye sana'a ba.

Ta daɗe tana kallon allurar. Sannan ta zame ɗankwalinta, gashin duk ya yi fari ya zube, ta ce, "To tunda kana gani, duba da kyau. Ga abin da ya rage maka." Na duba. Na ce mata ban taɓa ganin abin da ya fi shi ba, har da tafkin. Ta ce in daina zancen banza in nemo mata takalminta.

Ni na riƙe hannunta muka fita. Layinmu kaf ya tsaya cak. Mai wanki ya saki guga, mai kemis ya fito bakin ƙofa yana tafi shi kaɗai. Makaho ne ke jan mai ido.

Likita ya duba ta, ya kira ni gefe. Ciwon hanta ne, ya ci nisa. Za su rage mata zafi, iyakar abin da za su iya ke nan.

Malama, abin da ke cina ke nan. Watannin da na yi ina lumshe ido ina shan iskar tafki, da na kawo ta tun ranar shuɗin bokiti fa? Na ɗauki tsorona na sa masa rigar Littafi. Kada ki lallashe ni. In kina da amsa ki ba ni, in babu ki yi mini addu'a.

Tela.

*

Malama,

Ni ce, matar bawanki. Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwa. Jiki da sauƙi yau, sun ba ni abin da ke sa ni yawo a gajimare. Na aike shi neman lemo don in samu in rubuta, wata mai jinya za ta sa mini a hanya. Ki yi haƙuri da na karanta takardarki na canza miki baki. An yi ruwan kuwa a wajenku?

Na ga yana cin kansa, yana zaune yana kallona kamar wanda ya fasa tulun mutane. Shi ya sa zan faɗa miki abin da bai sani ba.

Ciwon nan ya girmi idonsa. Tun kafin a yi masa aiki na je wani asibiti ni kaɗai, suka faɗa mini abin da wannan likitan ya faɗa masa, har da cewa ba zan ga ƙarshen shekarar ba. Da ya kawo ni ranar farko, da amsar ɗaya ce. Shi ya sa na matsa a yi masa aikin. Wa zai ja shi in ba ni? Auta yana kan titi, ke kina da gwiwa.

Da aka cire bandeji ya ce fari yake gani, na dawo gida na shiga bayan ɗaki na yi wa Ubangiji magana, ba da ladabi sosai ba. Na ce ba inda za ni sai mutumin nan ya ga hanya. Kowace safiya in jiki ya ce kwanta, sai in ce makaho na jiran shayi, in tashi. Shekarar ta ƙare ina nan. Wata shekarar ta kama ina nan, har na kawo kwalekwale.

To kin gani. Shi yana cewa shirunsa ya cinye mini kwana. Ni kuwa na san shirun nan ne ya riƙe ni a tsaye. Da ya faɗa tun ranar bokitin, da tuni na kwanta. Wanda ya ɓoye kansa har lokaci ya cika, shi ya rufe bakin mijina, ya ƙara mini watannin da ba nawa ba. Na ji daɗinsu ƙwarai. Ban taɓa zama bakin ruwa ba a rayuwata sai a cikinsu.

Yanzu ya gani. Jiya na bi shi da ido ta ƙofa, ya sauka matakala shi kaɗai bai dafa komai ba. Na gaji, Malama, kuma ba na jin tsoro.

Kada ki faɗa masa wannan yanzu. In ya ji cewa ganinsa ne ya sallame ni, zai tsani idon, ni kuwa da wahala na samo masa shi. Ki bari sai bayan an gama komai, baƙi sun watse, ya buɗe keken ɗinkin nan ya fara taka shi. Ranar da kika ji ya yi miki tsiya a kan gwiwarki, to ranar ce.

Ki zo da wuri in kina son mu gaisa. Kada ki jira ƙarshen zango.

Taki, mai ɗakin Tela.